Zumar da Muka Kai wa Ladan

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne ladanin masallacin unguwarsu, a wani ƙauye da ke kusa da Zakka cikin ƙasar Safana. Tun ina yaro da wannan aikin na san shi. Manomi ne kamar kowa a garin, yana noma gero da dawa da wake, yana da tumaki a bayan gida, amma duk mai kwatance gidan Ladan yake cewa.

Muryarsa ba mai kauri ba ce. Siririya ce mai tafiya nesa, kuma ba ya gaggawa da ita. Da na girma na shiga aikin rediyo a Katsina, aka zaunar da mu ana koya mana inda ake jan numfashi da yadda ake buɗe baki don kowane harafi ya fita da cikarsa. Sai na tarar abin da ake koya mana Kawu yana yinsa sau biyar a rana. A wurinsa kuma na koyi shan cokalin zuma a ruwan ɗumi idan murya ta dushe, na tafi da al'adar birni.

Shekaru kaɗan kafin abin da zan faɗa, aka gano yana da ciwon suga. A asibitin Batsari aka yanka masa kati, aka ɗora shi a kan ƙwaya safe da yamma. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ɗauki zancen da gaske. Ta kori suga daga gidan gaba ɗaya, ko baƙo ya zo haka zai sha shayinsa lami. Tana alfahari da wannan doka, kuma tana da gaskiya, domin Kawu ya daɗe lafiya lau.

A farkon watan Sha'aban na wata shekara, zafi ya fara kankama, Inna ta kira ni a waya. Bayan mun gaisa ta ce, "Kawunka yau kwana goma sha biyu bai kira salla ba."

Na ce, "Muryar ce?"

Ta ce, "Muryar tana nan. Bakin ne ya ƙi buɗuwa."

Na nemi hutun kwana uku a wurin aiki. Na biyo ta Batsari da sassafe, domin a shekarun nan ba a son yamma ta yi wa mutum a wannan hanyar. A kasuwa na tsaya na sayi zuma kwalba guda, na ɗiga a farce na ga ba ta gudu ba, na ce mai kyau ce. Ban yi wani dogon tunani ba. Mutum zai je duba ladan mai ciwon baki, me zai riƙa in ba zuma ba?

Babur yana sauke ni ana kiran azahar. Mahaucin garin ne yake riƙe da aikin tun da Kawu ya kwanta. Mutumin kirki ne, kalmominsa duk daidai suke, amma muryarsa ta saba da ciniki a bakin teburin nama, sai ya riƙa sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

Na tarar da Kawu a zaure bisa tabarma, ya jingina da bango, buta da kofin ruwa a gefensa. Mutum ne mai jan gaisuwa, sai ya tambaye ka kowa da kowa har da maigadin wurin aikinka. Ran nan a jimla biyu ya gama, kuma ta tsakanin haƙora ya yi su. Kusurwoyin leɓensa duka biyu sun tsage, jini ya bushe a kansu. Da na roƙe shi ya buɗe gwargwadon iyawarsa, na ga harshensa da cikin kumatunsa sun yi fari-fari kamar an shafa kindirmo, dasashin kuma ya yi ja ya kumbura.

Na miƙa kwalbar. Ya sa mani albarka, ya ɗauki wani cokali da ke ajiye a kan faifai kusa da shi, ya cika shi ya shanye a gabana. Haka ake yi a wajenmu. Idan ka kawo wa mara lafiya magani, sai ya taɓa a kan idonka, don kada ka tafi da zaton an raina abin hannunka. Na ji daɗi, ban ɓoye ba.

Da Inna ta zo ɗaukar kwalbar na bi ta cikin gida don mu yi magana. A ƙarƙashin gadonta na ga an jera su: kwalaben lemo, kwalaben magani da aka wanke, wani ƙaramin galan, da ƙwarya mai saƙar zuma an rufe ta da faifai. Tawa ce ta goma sha ɗaya.

"Mutane suna son Kawunka," in ji Inna. "Kullum sai an zo, wani lokaci mutum biyar, wani lokaci fiye. Wasu da kwalbar zumarsu."

"Kuma duk wanda ya kawo sai Kawu ya sha a gabansa?"

"To, wa zai ƙi wa?"

Nan ne ta gaya mani abin da ya sa ta kira ni. Liman ya zo dubiya shekaranjiya. Ya yi magana a hankali, da girmamawa, ya ce azumi yana ƙaratowa, kuma a azumi gari yana bukatar ladan tsayayye, tunda da kiransa ake buɗa baki. Idan har aka ga wata Kawu bai warke ba, mahauci zai ci gaba, shi kuma ya huta, ai ya yi nasa. Kawu ya ce to. Amma ya sani, Inna ma ta sani, dattijon da aka ce wa ya huta ba a dawo da shi. Saura kwana ashirin da 'yan kai.

Ya kamata a ce tun a gaban kwalaben nan na gane. Na sha karanta sanarwar ciwon suga a rediyo da bakina. Amma a kaina zuma tana ɗakin magani ne, suga kuma shi ne farin nan na kanti, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Abin da ya fara tsaya mani shi ne, tsakanin azahar da la'asar Kawu ya zagaya bayan gida sau huɗu, kofin ruwansa kuma ba ya zama cike. Sai na hango ledar ƙwayoyinsa a rataye a jikin ƙusa, ba a taɓa su ba.

Na ce, "Kawu, ka daina shan maganin ne?"

Ya ce, "Cewa aka yi in sha in na ci abinci. Kwana goma ban ci abinci ba."

"Me kake sha?"

Inna ce ta amsa. Koko da safe, kunu da rana, fura da yamma, tunda tuwo da miya ba sa shiga bakin. Kuma tunda ba a saka suga a gidan, da zuma ake dama masa.

Muna cikin haka babur ya tsaya a ƙofar gida. Taubashin Kawu ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda yake zaune ta wajen Wagini. Yana da amya a kan itatuwa da yawa, shi ya sa muke kiransa Baba mai zuma. Galan ɗin da ke ƙarƙashin gado nasa ne, ƙwaryar ma tasa ce. Ran nan ma da wata saƙar ya shigo, naɗe a leda.

"Bawana, har yanzu kana nan zube?" in ji shi. "Ɗazu na tsaya a tashar garinku na ji lasifika, na zaci cigiyar akuya ake yi."

Kawu ya so ya yi dariya, leɓen ya hana shi. Ya dafe da yatsa ya ce, "Wa ya ba ka iznin shigowa gari da rana?"

"Ni da na zo ceton kayana? In ka mutu wa zai riƙa ɗaukar mani buta?" Ya juyo wajena. "Kai kuma ɗan birni, an ce kai ne kake karanta mana labarun duniya. Labarin bakin kawunka bai iso muku ba sai yau?"

Na ce ina so gobe mu kai Kawu Batsari a gwada jininsa. Baba mai zuma ya ce zafi ne kawai ya taso masa, kowa ya sani, amma zai kwana ya raka mu, tunda hanyarsa ce, kuma yana so ya ga yadda bawansa zai yi kuka a gaban allura.

Malamin asibitin da ya duba Kawu mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya huda yatsan Kawu, ya ɗiga jinin a kan na'ura, ya dubi abin da ta nuna. Ya kunna tocila ya leƙa bakin. Sannan ya ce sugan ya fi ninkin abin da ake so a gani, ya tambayi abin da ake ci da abin da ake sha. Na lissafa masa, har da kwalba goma sha ɗaya.

Ya ajiye tocilar ya ce, "Baba, bari in gaya maka yadda abin yake tafiya. Idan suga ya hau, baki yana bushewa, ɗan yawun da ya rage kuma yana ɗauke da zaƙi. Wannan farin da ke kan harshenka ƙwayar cuta ce mai son zaƙi, wuri ta samu ta baje. Ciwo kuma ba ya saurin warkewa a jikin da sugansa ya hau. To bakin ya yi ciwo, ka bar tuwo ka koma kunu da zuma, ka bar magani. Suga ya ƙara hawa, bakin ya ƙara ciwo, aka ƙaro zuma."

Kawu ya ce, "Malam, zuma fa Alƙur'ani ya ambace ta da waraka."

Na ji tsoron amsar da za a ba shi, domin na san idan aka kuskure nan Kawu zai tashi ya bar ƙwayoyin a kan tebur.

Malamin ya ce, "Haka ne, Baba, ban isa in musa ba. Kai manomi ne. Ruwan sama rahama ne, ko ba haka ba? Amma ka san abin da yake yi wa wake idan ya kwanta a gona. Jikinka yanzu gonar da ruwa ya kwanta ce. Ba laifin zumar ba ne."

Kawu ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Aka ba shi wani ruwan magani da zai riƙa ɗigawa a baki ya riƙe kafin ya haɗiye, da man shafawa na kusurwar leɓe. Aka ce ya koma kan ƙwayarsa daga ranar, domin kunu ma abinci ne a wurin jini. Ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ya ajiye goro, ya sassauta hannu wajen asuwaki. Abinci kuma wake da aka dafa ya yi luguf, ƙwai, miyar zogale ko kuka ba yaji, tuwo mai laushi ɗan kaɗan, nono ba a saka masa komai ba. Ya dawo bayan mako guda.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya faɗi abin da ya dame shi. "Maganin zan sha. Amma mutane fa? Mutum ya tako ya zo da kwalbarsa, in ce masa me?"

Malamin ya ce wannan ba ya cikin abin da aka koya musu.

Da muka fito na ɗauka Baba mai zuma zai yi mana sallama ya nufi Wagini. Sai na ga ya juya kan babur ɗinsa ya biyo mu.

Bayan sallar la'asar, mutane suna neman takalmansu, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku ɗan dakata. Na kai bawana asibiti, an auna shi, an tarar jininsa duk ya koma zuma. Ni ya fara cuta, amya biyu ya shanye mani. Likita ya ce ko warinta kada ya sake ji sai ya warke. To ga doka: wanda zai je dubiya ya tafi da ƙwai, ko wake, ko zogale. Wanda kuma ya riga ya sayi zuma kada ya fasa, ya kawo. Ina zaure, ni zan sha a gabansa a madadin mara lafiya."

Aka yi dariya. Wani tsoho ya ce, "Ashe ciniki ka zo yi, ka sayar mana ka kuma shanye."

"To da wa kuke so ya sha, mahauci? Ku bar shi, ko tulu ya shanye muryar nan ba za ta gyaru ba."

Mahaucin yana cikin masu dariya. Ya ce shi ma a taimaka a warkar da Ladan, namansa yana shan rana kullum.

Da ni na yi wannan sanarwa, da an ce ɗan birni ya zo yana koya wa mutane yadda ake zumunci. Da Inna ce ta mayar da kwalba ko guda, da maganar ta kai shekara tana yawo. Taubashi ne kaɗai yake da wannan damar, kuma ya san yana da ita. Kwana huɗu ya yi a zauren, cokalin Kawu a hannunsa. Inna ta gaya mani a waya, bayan na koma aiki, cewa mutum uku sun kawo zuma da gangan don su ga ya sha. Ya sha, yana zaginsu. Ashe shi da yake ɗibarta ba ya ko son ganinta a baki.

Sauran mutane suka canja kaya. Ƙwai ya taru har Inna ta rasa inda za ta sa. Kawu ya ci gaba da taɓa abin kowa a gabansa, amma yanzu lomar wake ce.

Saura kwana huɗu a duba wata na dawo. Farin harshen ya tafi, dasashin ya sace, kusurwar leɓe ta hagu ta rufe, ta dama saura ɗan layi ja. Ya gaishe ni gaisuwarsa ta da, har maigadi ya tambaya. Da hantsi ya ce in raka shi gona.

Ba komai a gonar a wannan lokaci sai kututturan kara. Tana da nisa da gari, shi ya sa ya zaɓe ta. Ya nuna mani wani gawo da ke can iyakar gonar maƙwabcinsa ya ce, "Je ka tsaya can. Aikinka ne sauraro. Kada ka yi mani kara."

Na je na tsaya. Ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunnuwa. Kabbarar farko ta fito a takure, don yana tsoron buɗe bakin. Ta biyu ya sake ta. Ta iso wurina siririya, kowane harafi da cikarsa, iska ba ta ci komai daga cikinta ba. A wuri ɗaya numfashinsa ya yanke kafin inda ya saba. Da na dawo na gaya masa haka, na faɗi wurin.

Ya shafa leɓensa ya dubi yatsan, ba jini. Ya ce, "Na ji shi ni ma. Kwana huɗu sun isa."

Washegari muka koma Batsari. Malamin asibiti ya ce sugan ya sauko sosai amma bai zauna ba tukuna, kuma idan Kawu ya ɗauki azumi a cikin wannan zafi, baki zai bushe tun safe, ciwon zai iya dawowa, ban da abin da zai iya faruwa da jikin gaba ɗaya. Shawararsa bana ya haƙura. Wannan ta fi zancen zuma yi wa Kawu nauyi. Tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba. Da muka isa gida ya wuce gidan liman shi kaɗai, ya daɗe. Da ya dawo ya ce liman ya gaya masa abin da ya riga ya sani game da rangwamen mara lafiya, ya kuma ce ya karɓi makirufo ranar ɗaya ga wata.

A ranar na je masallaci da wuri. Mahauci ya miƙa wa Kawu mabuɗin akwatin lasifika da hannu biyu, ya ce, "Ungo kayanka, Malam, sun yi mani nauyi." Mutane suna zaune a waje da dabino da kofunan ruwa a gabansu, leɓuna duk sun bushe. Kawu, wanda shi kaɗai ne a cikinmu bai wuni da ƙishirwa ba, ya tsaya yana duban yamma har rana ta gama faɗuwa, ya ƙara jinkirin nan nasa da kowa ya sani, sannan ya kira. Numfashin ya kai inda ya saba kaiwa.

A gida muka tarar Inna ta fito da kwalaben daga ƙarƙashin gado tun la'asar ta aika da su gida-gida, a saka a kunun buɗa baki. Ta kula kada kowa ya samu wadda ya kawo. Galan ɗin ta ajiye wa Baba mai zuma, ta ce ranar salla za ta ba shi ya shanye a gabanta. Tawa kaɗai ta mayar mani, ta ce ni ɗan gida ne, ba na jin haushi.

Na tafi da ita Katsina na ajiye a aljihun teburina. Cokali ɗaya ne kawai aka ɗiba a ciki. Ta kai ni har bayan babbar salla.